An ce hantata ta wuce wuƙa

Ciwon daga babban hanji ya taso, amma a hanta aka yi fafatawar. Ni malamar makaranta ce, lissafi nake koyarwa, kuma ban cika hamsin ba lokacin da abin ya same ni. Farkonsa ba wani abin ba da labari ba ne: kasala, rama a hankali, jini-jini a bahaya, sai gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Aka zura na'urar leƙa hanji, aka ga ƙari can ƙasa ta ɓangaren hagu, aka gutsuro aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, sankara ce.

Hoton CT da aka ɗauka bayan nan shi ya tsinka mana zuciya. Kusan duk jinin da ya baro hanji sai ya bi ta wata babbar jijiya, wadda likitoci ke kira fotal, ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Shi ya sa idan sankarar hanji ta tashi yin ƙaura, hanta ce zangonta na farko. A tawa hantar, ɓangaren dama ya cika da ƙari manya da ƙanana, sun tsallaka tsakiya, har can ƙarshen hagu akwai wasu 'yan ƙanana guda biyu.

Likitan tiyatar da ya fara duba ni mutumin kirki ne, bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Malama, na hanjin zan iya cire shi. Na hantar kuwa ya wuce wuƙa, ya bazu dama da hagu. Za a ba ki magani a rage masa gudu, a sama miki sauƙi." Har gobe ba na ganin laifinsa. Abin da hoton ya nuna a ranar shi ya faɗa, kuma a ranar gaskiya ce. Da an buɗe ni an kwashe duk inda ciwon ya taɓa, abin da zai saura bai isa ya riƙe rai ba.

Yayata ta daɗe tana aikin jinya a sashen masu tiyata. Ta same ni a kwance na juya wa ƙofa baya. Ta ce, "Ke, tashi zaune. Wanda ya ce ba a yi, hanta ce aikinsa kullum? A'a. To sai mai yanka hanta ya gani da idonsa tukuna. A karɓo mana faifan hoton kansa, ba takardar bayani ba." Na ce, "Yaya, ai an gama magana." Ta ce ita ba ta ji an gama ba.

Haka muka dangana da wani asibiti inda ake da ayarin likitoci masu zama tare a kan maras lafiya guda: likitan tiyatar hanta, likitan magungunan sankara, mai karanta hoto, mai aikin jijiyoyi ta hanyar hoto, da mai duba nama a madubin gwaji. Suka ƙara mini hoton MRI na hanta da CT na ƙirji. Huhu lafiya lau, ba a ga komai a wajen hanta da hanji ba. Wannan ne ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya.

Likitan hantar dattijo ne mai magana a hankali. Ya jawo takarda ya zana hanta, ya raba ta gida takwas. Ya ce wani likitan Faransa mai suna Claude Couinaud ne ya tsara wannan rabon a shekarun 1950, kuma kowane gida yana da jijiyar da ke kawo masa jini, da wadda ke kwashe shi, da bututun da ke fitar da ɗaci. Saboda haka ana iya cire wasu gidajen a bar wasu su ci gaba da aiki. Sannan ya faɗi abin da ya juya mini tunani. Ya ce, "Malama, ni ba na ƙirga abin da zan cire. Abin da zan bar miki nake aunawa." Mai lafiyayyar hanta yana iya rayuwa da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 nata. Wanda ya sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sai an bar masa aƙalla kashi 30, domin maganin yana gajiyar da hanta. Wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance da tsohon ciwo kuwa, kashi 40 ake nema. Idan aka bar ƙasa da haka, hanta ta gaza bayan tiyata, kuma ba a da wata na'ura da za ta riƙe mata aikin na dogon lokaci yadda ake wanke ƙoda.

Ni gida na 2 da na 3 ne kaɗai za a iya bar mini, da ɗan ƙaramin gida na 1 da ke can baya. Kwamfuta ta auna su daga hoton, ba su kai kashi 20 ba. Kuma waɗancan ƙananan ƙari biyun a cikinsu suke.

Na tambaye shi kai tsaye, mutum nawa ne irina ke kaiwa ga tiyata. Bai zille ba. Ya ce a asibitin Paul Brousse da ke gefen birnin Paris aka fara nuna wa duniya cewa kemo na iya mayar da ciwon da ba ya ciruwa ya zama mai ciruwa, aikin Henri Bismuth da René Adam. A rahotonsu na 2004, cikin mutum 1,104 da aka ce ba a iya yi musu tiyata, 138 ne suka kai ga wuƙa bayan magani, kuma kashi 33 cikin 100 na waɗannan suna raye bayan shekara biyar. Ban buƙaci alƙalami ba. Ɗaya cikin takwas ke nan. Ya ce magunguna sun ƙara ƙarfi tun daga lokacin, dabarun tiyata ma sun ƙaru, amma shi ba zai yi mini alkawari ba. Tsarinsa dai shi ne: kemo tukuna, a ga ko ciwon na jin magani. Idan ya ji, tiyata biyu, da wani aiki a tsakaninsu.

Kemon da aka ɗora ni a kai sunansa FOLFOX, haɗin magani uku ne, duk mako biyu ake yi. An dasa mini wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata a ƙirji inda ake soka allura, don kada jijiyoyin hannu su ƙone. Bayan ƙarin ruwan asibiti sai a maƙala mini 'yar kwalba mai balan-balan a ciki, in tafi gida da ita a rataye, tana ɗiga magani har awa 46. Da yake gwajin naman ya nuna ƙwayar halittar da ake kira RAS ba ta sauya ba a ciwona, sai aka ƙara mini wani magani mai suna setuksimab, wanda ba ya aiki ga waɗanda tasu ta sauya.

Kowa ya san kemo da amai da kasala, ba sai na ja wannan ba. Abin da ba wanda ya taɓa ba ni labarinsa shi ne sanyi. Ɗaya daga cikin magungunan, oksalifilatin, yana taɓa jijiyoyin ji. Kwanakin farko bayan kowane zagaye, idan na kama mariƙin ƙofa na ƙarfe sai in ji kamar lantarki ya ja ni. Ruwan famfo da safe sai an sirka mini. Ranar da na kurɓi ruwan sanyi na ji maƙogwarona ya shaƙe kamar numfashi zai ɗauke, har maigida ya zabura yana neman makullin mota, nas ta ce a waya mu kwantar da hankali, ji ne kawai, zai wuce. Ya kuwa wuce. Daga nan da safar hannu nake buɗe firiji. Shi kuma setuksimab fuska ya kama, ƙuraje suka feso mini kamar budurwa mai tashe, har ƙirji da baya, gefen farce ya tsattsage. Na kai kuka wurin likitar magani, ta duba ta yi murmushi ta ce sau da yawa masu wannan ƙurajen su ne maganin ya fi kama ciwonsu. Ta rubuta mini man shafawa da ƙwayoyi. Ban ji daɗin murmushin ba a lokacin.

Ana ɗaukar hoto duk bayan kamar wata biyu, ana kuma auna wani sinadari a jini mai suna CEA, wanda ke hawa idan ciwon na ƙaruwa. Nawa ya yi ta sauka. Manyan ƙarin suka motse, wanda ya jingina da babbar jijiyar da ke kwashe jinin hagu ya janye ya ba da ɗan fili. Sai kawai likitan hanta ya ce a dakatar da kemo.

Na ce, "Likita, magani yana ci, me ya sa ba za a bar shi ya cinye su gaba ɗaya ba?" Ya ce dalili biyu ne. Na farko, ƙarin da ya ɓace a hoto ba lallai ya mutu ba. Galibi akwai sauran ƙwayoyi masu rai a wurin, kuma idan ya buɗe ni bai gan shi ba, bai san inda zai yanka ba, sai ya dawo daga baya. Na biyu, kowane zagaye yana cin hantar da muke son mu rayu da ita. Oksalifilatin yana lalata ƙananan hanyoyin jini na cikinta, har ta koma shuɗi-shuɗi, tana zubar da jini da yawa a ƙarƙashin wuƙa. Wato gaba kura baya sayaki: a tsaya da wuri ciwon bai ja da baya ba, a zarce hanta ta gaji. Aikinsu shi ne su kama tsakiya. Aka ba ni hutun 'yan makonni jiki ya farfaɗo.

A tiyata ta farko aka yanke guntun hanjin da ciwon yake aka haɗa bakin biyu, sannan aka ɗora na'urar hoton sauti a kan hantar kanta, aka lalubo ƙananan ƙari biyun na hagu aka ƙwaƙule su da ɗan nama mai lafiya kewaye da su. Ba a taɓa dama ba. Na farka da sanin cewa mafi yawan ciwon yana nan cikina daram, an share masa maƙwabci ne kawai. Wannan tsari na yanka hanta a zango biyu, René Adam da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 2000.

Da ɗinki ya kama, sai aikin tsakiya: toshe jijiyar fotal ta dama. Hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga fotal, sauran daga jijiyar da ke tahowa daga zuciya. Idan aka toshe reshen dama, ɓangaren ba ya mutuwa, tunda ɗaya jijiyar na ciyar da shi, amma yana motsewa, shi kuma hagu ya kumbura ya girma, kamar mai ban-ruwa ya datse hanyar wata fangala ya juya ruwan duka zuwa ta kusa da ita. Likitan Japan Masatoshi Makuuchi ne ya fara amfani da wannan dabara kafin tiyata a shekarun 1980.

Ido biyu aka yi mini shi, da allurar kashe zafi da wata mai sa gyangyaɗi. Likitan ya soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarina na dama, ya zura wata roba mai kaurin zare. Ina kwance ina hango allon da yake kallo. Ya tura ruwan da ke fito da jijiya a hoto, sai ga rassa sun bayyana baƙi-baƙi sun cika allon. Ya riƙa cewa, "Riƙe numfashi, Malama. To, saki." Yana tura abin toshewar, rassan dama suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage na hagu kaɗai. Na ji wani zafi mai nauyi ya taso mini har kafaɗar dama. Zazzaɓi ya ɗan taɓa ni, washegari aka sallame ni.

Sai jira. Mako huɗu zuwa shida ake ba hanta, kuma a duk tafiyar nan babu abin da ya kai wannan zaman wuya. Kemo yana da wahala, amma kana ganin ana yin wani abu. Tiyata kana barci ake yin ta. A nan kuwa ba magani, ba allura, kana zaune ka san abu biyu ne ke tsere a cikinka: hantar hagu tana girma, ciwon dama shi ma ba a ɗaure yake ba. An gaya mini tun farko cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu, wani lokaci fiye da haka, ba sa kaiwa tiyata ta biyu, ko don hantar ta ƙi girma ko don ciwon ya riga ta. 'Yar autata ta ji ana maganar, kullum da safe sai ta ɗora kunne a cikina ta ce, "Umma, ta girma?" In ce ban sani ba. Hanta ba ta ba da labari. Ba motsi, ba ƙaiƙayi, ba komai. Na koma duba takardun jarrabawar ɗalibai da abokan aiki ke kawo mini gida, don in sami abin da yake da amsa.

A cikin wannan zaman ne maigida ya karanto labarin wata hanya mai sauri da ake kira ALPPS, ya zo da ita wurin likita ransa a ɓace. Ya ce, "Likita, in akwai ta kwana tara, me ya sa aka zaɓa mana ta wata guda da rabi?" Likitan ya zaunar da shi ya yi masa bayani tiryan-tiryan. A wannan hanyar, tun a tiyatar farko ake ɗaure jijiyar dama, a kuma tsaga hantar gida biyu a bar ta a ciki, ta yadda jini ba zai sami ɓarauniyar hanya ya tsallaka ba. Hans Schlitt ne ya fara yin ta a birnin Regensburg na Jamus a 2007, ba da shiri ba, a tsakiyar wata tiyata. Rahoton farko ya fito a 2012 a kan mutum 25: hantar da za a bari ta ƙaru da kashi 74 cikin 100 a kusan kwana tara, amma mutum uku suka rasu. Daga baya an gyara zaɓen waɗanda ake yi wa, haɗarin ya ragu, har wani gwaji da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya, wanda ya fito a 2018, ya nuna kashi 92 na masu ALPPS sun kai ga cire ciwon, masu bin hanya irin tawa kuwa kashi 57. Amma ya ce ni an haɗa mini da yankan hanji, ga hanta da ta sha kemo, manyan tiyata biyu cikin mako biyu sun yi mini yawa. Ya ajiye ta a matsayin mafita idan toshewar ba ta yi aiki ba.

Ni a ganina jiran yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, ko da yake ɗaci gare shi. Ciwon da ya fantsama cikin mako shida, da wuya a ce wuƙa ta kwana tara ce za ta tare shi. Amma wannan maganar wadda ta tsallake ce. Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa a ɗakin kemo, kujerarta kusa da tawa, ita ma aka toshe mata jijiya. Hotonta na biyu ya nuna ciwon ya kama huhu, ba a yi mata tiyatar ba, kuma ba ta daɗe ba. Allah Ya jiƙanta. Ban isa in ce da an yi mata mai saurin ba za ta amfana ba.

Hotona ya fito, hagu ya haura kashi 30. Likitan ya ce ba girman kaɗai ya duba ba, saurin girman ya fi gaya masa ƙarfin hanta, kuma nawa ya gamsar da shi. Ba sabon ƙari a hagu, huhu fes. Yaya ta fita waje ta yi kukanta ta dawo tana faɗa wai ƙura ce ta shiga idonta.

Tiyata ta biyu ita ce babba. Aka cire gida na 4 har zuwa na 8, da matsarmama, tunda a jikinsu take. Na farka a ɗakin kulawa ta musamman da roba a hanci, roba a wuya, wata a gefen ciki tana zubo ruwa cikin leda. Kullum da asuba ake ɗibar jini a duba abu biyu: sinadarin da ke sa idon mai shawara ya yi rawaya, da saurin daskarewar jini, domin hanta ce ke sarrafa duka biyun. Rana ta biyar ce likitocin hanta suka fi sa wa ido. Idona ya ɗan yi rawaya, ƙafafu suka kumbura, na ga Yaya tana leƙa takardar sakamako tana yin shiru. Sai lambobin suka tsaya, suka fara gangarowa. Ruwan leda ya ɗan koma kore, alamar ɗaci na yoyo daga inda aka yanka, don haka na koma gida da robar a jikina har ya tsaya da kansa. Nas-nas ba su bar ni na huta ba, kullum sai na zuƙi iska ta wata 'yar roba mai ƙwallaye uku har su tashi, saboda ruwa na son taruwa a ƙasan huhun dama bayan irin wannan aikin. Ƙwallo na uku ya daɗe yana raina ni.

Mai duba nama ya ce bakin yankan ya fita tsaf, kuma mafi yawan ƙwayoyin ciwon sun riga sun mutu da magani. Na ƙarasa sauran kemo. Cikin 'yan watanni hantar ta kusa komawa girmanta na da. Gidajen da aka cire ba sa tsirowa, waɗanda suka rage ne ke faɗaɗa, shi ya sa duk mai hoton da bai san tarihina ba sai ya ɗaga kai ya dube ni: hantata tana zaune a tsakiya da hagu, hanji ya haye inda dama take.

Ba zan ce na warke ba, likitocina ma ba su ce ba. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa wannan aikin ciwon yana dawo musu, kuma ni ma ya dawo. A wani hoton bibiya aka ga ɗan ƙari guda, bai kai santimita biyu ba, can cikin naman hanta. Wannan karon ba a buɗe ni ba. Allura aka soka ta fata aka ƙone shi da zafin maikurowef, dabarar da ta fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita uku ba. Tun daga nan hotuna suna fitowa lafiya, alhamdu lillahi.

Na taɓa tambayar likitan me zai faru da hagun ma ta cika da ciwo tun farko. Ya ce a da amsar kemo ce kaɗai. Amma likitocin birnin Oslo sun fara gwada dashen hanta ga irin waɗannan, suka fitar da sakamako a 2013, sannan wani gwaji mai suna TransMet da Faransa ta jagoranta ya fito a 2024: kashi 57 na rukunin da aka ware wa dashe suna raye bayan shekara biyar, rukunin kemo kaɗai kuwa kashi 13. Sai dai tankaɗe da rairaya ake yi kafin a zaɓi mutum, kuma hantar dashe ba ta wadatar masu jira ba.

Na koma aji. Yatsuna har yanzu a dushe suke, alli yakan suɓuce mini ban ji ba, maɓallin riga kuma sai na kalle shi kafin in saka. Likitar magani ta ce wataƙila ya ragu, wataƙila ya zauna. Ana auna CEA ana ɗaukar hoto duk bayan 'yan watanni, kuma duk inda za ni da faifan hotunana nake tafiya, tun daga na farko. Likitan hanta ya ce idan wani ƙari ya sake fitowa a inda wuƙa ke kaiwa zai sake yanka, tunda yanzu akwai naman da za a bari, ni kuma na riga na gaya masa na yarda.